Akwatin Sitiyarin Akori-Kura: Cinikin da Amana Ke Riƙe da Shi a Unguwar Sabo ta Ibadan

IBADAN — A cikin dukan kayayyakin da ke jikin motar ɗaukar kaya, da wuya a sami wanda masu motoci ke yi wa riƙon sakainar kashi kamar akwatin sitiyari. Injin da ya soma hayaƙi kowa zai gan shi, tayar da ta suɗe ba ta ɓuya, burki kuwa idan ya yi sanyi ƙafar direba ce za ta fara ba da labari. Shi kuwa akwatin sitiyari yana maƙale ne can ƙasa a jikin shasi, a rufe ruf, yana cinyewa sannu a hankali wata da watanni, har direba ya saba da lalacewarsa, ya ɗauka halin motar ke nan. Ga 'yan kasuwar unguwar Sabo ta birnin Ibadan, waɗanda yawancin hajarsu kan bi ta bayan akori-kura kafin ta kai ga mai saye, wannan ɗan akwati na ƙarfe shi ne ke tsakanin dukiyarsu da ramin gefen hanya.

Sabo dai unguwa ce da sufuri ya haifa. Layin dogo ya iso Ibadan daga Legas a shekarar 1901, ya kai Kano a 1911, sa'an nan a 1916 hukumar mulkin mallaka ta keɓe wa Hausawa wannan wuri da ke gindin tudun Mokola. Daga nan ne fatauci ya kankama ta fuska biyu: shanu su gangaro daga Arewa, goro ya haura daga Kurmi. A yau harkar ta bazu zuwa kasuwar Bodija da ta Sasa da kuma karar shanu ta Akinyele, amma har yanzu a Sabo 'yan canji suke, waɗanda su ne ke fara jin motsin Dala kafin labarin ya kai ga sauran jama'ar gari.

Manyan motoci su ne ke kawo hatsi da albasa da tumatir da dabbobi ta hanyar Jebba da Ilorin da Ogbomoso da Oyo, amma a bakin kasuwa aikinsu ke ƙarewa. Daga nan sai akori-kura ta karɓa, ita ce ke rarraba kaya zuwa Dugbe da Oja'ba da Oje da sauran lunguna, ta kuma leƙa ƙauyukan da ke kewaye. Ibadan kuwa gari ne mai tuddai da kwanoni da gangare, ga cunkoso, ga ramuka idan damina ta sauka. Motar da ke hawa da sauka a irin wannan wuri, ɗauke da lodin da sau da yawa ya zarce abin da aka ƙera ta dominsa, sitiyarinta na yin aikin shekara biyu a cikin shekara guda.

Yadda Akwatin Ke Aiki

Ya kamata a bambance wannan akwati da giyabos na inji, domin sunayen kan rikita wasu masu motoci. Aikin akwatin sitiyari shi ne ya karɓi juyin da direba ke yi da hannu, ya mayar da shi turi da ja mai ƙarfin da zai karkata tayoyin gaba. Sandar sitiyari tana shiga cikinsa ne da wani ƙarfe mai zare kamar na kusa. A kan zaren akwai wani dunƙulen ƙarfe mai haƙora, tsakaninsu kuma ƙananan ƙwallayen ƙarfe ne ke kewayawa don rage gogayya. Idan aka murɗa sitiyari, dunƙulen zai matsa sama ko ƙasa, haƙoransa su juya wata gajeriyar sanda da ta leƙo waje, ita kuma ta kaɗa hannun ƙarfen da makanikai ke kira fitman, shi ne ke jan tayarod zuwa tayoyi.

Ba kowace akori-kura ce ke da irin wannan akwati ba. Peugeot 404 da 504, waɗanda suka yi tashe a hanyoyin ƙasar nan, suna amfani ne da doguwar sanda mai haƙora da ake kira rak. Haka ita ma Toyota Hilux ta koma rak tun daga samfurin 2005. Amma tsofaffin Hilux, da Datsun da Nissan na da, da Isuzu, da Mitsubishi L200 ta farko-farko, da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, duk akwati gare su, kuma irin waɗannan tsofaffin motoci su ne ƙaramin ɗan kasuwa ke iya mallaka. An fi son akwati a motar wahala saboda yana jure dukan rami fiye da rak, sai dai juriyar tasa ce ke sa a manta da shi.

Alamar farko ta lalacewa ita ce wasa, wato sitiyari ya riƙa juyawa hagu da dama tayoyi ba su motsa ba. Littattafan gyara na irin waɗannan motoci kan ƙayyade wasan da bai wuce milimita 30 ba a bakin da'irar sitiyari, kimanin faɗin yatsu biyu ke nan. Idan ya kai tafin hannu, magana ta girma. Sauran alamun sun haɗa da mota ta riƙa yawo a kan miƙaƙƙiyar hanya sai direba ya yi ta gyara ta, da ƙarar ƙwas-ƙwas idan an shiga gargada, da yoyon mai ta ƙarƙashin akwatin, da sitiyari ya ƙi komawa daidai da kansa bayan an sha kwana, da kuma tayoyin gaba su riƙa cinyewa ta gefe guda.

To, amma fa ba duk wasa ne laifin akwati ba. Kan tayarod da boljoyin da boris na taya da mahaɗin sandar sitiyari duk suna iya kawo irin wannan wasa, kuma kowannensu bai kai akwati tsada ba. Gwajin mai sauƙi ne: a ajiye mota a ƙasa, yaro ya riƙa kaɗa sitiyari, makanike ya sa ido a ƙarƙashi. Idan sandar da ke shiga akwati tana juyawa amma hannun fitman bai motsa ba, ciwon na cikin akwati. Idan kuwa fitman na motsi tare da ita amma tayoyi na tsaye, to a nemi laifin a gaba. Mai motar da ya tsaya aka yi wannan gwaji a gabansa ya tsira daga sayen abin da ba ya bukata.

Akwai kuma wata dabara da ta zama ruwan dare a gareji-gareji, wato ɗaure kusar da ke saman akwatin don a kashe wasa. An yi kusar ne domin ɗan gyara kaɗan, amma tana da iyaka. Dalili kuwa shi ne, mota ta fi tafiya a miƙe, saboda haka haƙoran tsakiya ne ke fara cinyewa, na gefe suna nan da sauransu. Idan aka matse kusar har wasan tsakiya ya ɓace, sai haƙoran gefe su riƙa cijewa, sitiyari ya yi tauri ko ya maƙale daidai lokacin da direba ke tsakiyar kwana. Direban da ya gangaro daga Mokola da buhunan wake a baya bai da lokacin kokawa da sitiyarin da ya cije.

Daga Ina Kayan Ke Fitowa

Akwai lokacin da mai mota a Nijeriya ke shiga kantin wakilin kamfani ya sayi sabon kaya a kwalinsa. A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanonin ƙetare aka kafa masana'antun harhaɗa motoci guda shida: Peugeot a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, da Volkswagen a Legas, da Steyr a Bauchi, da ANAMMCO a Enugu, da kamfanin manyan motoci na Fiat a Kano, da kuma Leyland a nan Ibadan. A wancan zamani Naira ta fi Dala daraja. Al'amura sun juya ne a watan Satumba na 1986, lokacin da aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗaɗen waje a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP. Zuwa tsakiyar shekarun 1990, gwamnati na riƙe da Dala a kan Naira 22 a hukumance, alhali a kasuwa ta haura Naira 80. Sabuwar mota da sabon kayan gyara suka fi ƙarfin talaka, masana'antun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, sai kasuwar gwanjo ta maye gurbinsu, wadda Yarabawa ke kira tokumbo, Hausawa kuma su ce kayan Beljiyom ko na Kwatano.

Tarihi ya maimaita kansa a 2023. An janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, a watan Yuni kuma Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi matsayinta a kasuwa. Dalar da ake saya kimanin Naira 460 a hukumance kafin nan, ta zarce Naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Da yake daga ƙetare ake shigo da irin wannan akwati, sabo ne ko na hannu, duk motsin da aka ji a teburin ɗan canji a Sabo sai ya bayyana a farashinsa a kasuwar Ladipo ta Legas da kasuwar Araromi da ke Agodi Gate a Ibadan, wadda gobara ta yi wa mummunar ɓarna a watan Afrilu na 2021. Sakamakon haka shi ne jinkirta gyara, domin mai motar da kuɗin mai ya riga ya cinye masa riba zai fi son a ƙara matse kusa a lallaɓa zuwa wani wata.

Wanda ya yanke shawarar canzawa yana da zaɓi uku. Na farko sabon akwati, wanda ko dai na ainihin kamfanin motar ne, mai tsada da wuyar samu ga tsohuwar mota, ko kuma kwaikwayo, wanda ingancinsa ya bambanta ƙwarai daga wannan masana'anta zuwa waccan, kwalinsu kuwa duk kama ɗaya. Na biyu tokumbo, wanda aka ciro daga motar da ta gama aikinta a Turai ko Japan, wasu kuma ta kasuwar Sharja ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suke biyowa. Na uku shi ne a buɗe tsohon a sake masa sil da boris. Wannan na ƙarshe yana magance yoyon mai, amma ba ya mayar da haƙoran da suka cinye. Abin da ya fi kowanne haɗari shi ne akwatin da ya gama wahala a hanyoyin ƙasar nan, aka wanke shi da fetur, aka fesa masa baƙin fenti, aka jera shi cikin tokumbo. Mai saye na yi masa kallon kitse, alhali rogo ne.

Akwai kuma batun hannu. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, watau sitiyarin motocinmu na gefen hagu ne. Japan da Ingila da Tailan kuwa nasu na dama ne, kuma akwatin motar can kishiyar na nan ne, ramukan kusoshinsa da inda sandarsa ta fito duk a juye suke. Duk akwatin da sai an huda shasi ko an yi walda kafin ya zauna, ba na wannan mota ba ne, komai arhar da aka yi masa. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki tsohon a je da shi kasuwa, a jera su, a gwada lamba da ramuka da yawan haƙoran sanda, a kuma juya sabon da hannu daga ƙarshe zuwa ƙarshe a ji ko yana cijewa ko yana wasa a tsakiya.

Ranar Aiki

Aikin kansa bai fi na yini guda ba ga makaniken da ke da kayan aiki, kuma yana da kyau mai mota ko wakilinsa ya san abin da zai sa wa ido. Ana fara daidaita tayoyi su miƙe sak, a ɗaure sitiyari kada ya yi ta juyawa shi kaɗai, musamman a motar da ke da jakar iska, domin wayar da ke ciki na iya tsinkewa. A yi alama a mahaɗin sanda da kan fitman kafin a kwance. Idan sitiyarin mai fawa ne, a tsiyaye man, a cire tiyo biyu a toshe bakinsu kada ƙasa ta shiga.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen cire fitman, domin yakan kama sanda kamar an haife su tare. Akwai abin zare shi na musamman da ake kira fula. Wanda ba shi da ita sai ya koma ga guduma ko wutar mai walda, guduma kuwa na farfasa boris na ciki, wuta kuma na kashe ƙarfin ƙarfe, ta bar shi ya karye wata rana ba sallama. Bayan an sauke tsohon akwati, a goge wurin a duba shasi da kyau, saboda motar da ta daɗe tana ɗaukar lodi fiye da kima takan tsage daidai ramukan kusoshin, kuma sabon akwati a kan tsagaggen shasi aikin banza ne.

Kafin a ɗora sabon, a ƙirga juyinsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a raba biyu, a tsayar da shi a tsakiya. Idan aka tsallake wannan, mota za ta fi shan kwana ta gefe guda. A ɗaure kusoshi gwargwadon ƙarfin da kamfani ya ƙayyade, a sa sababbin fil a inda ake sa su, kada a maye gurbinsu da ƙusa ko waya. Akwatin da ba shi da fawa man giya ake zuba masa, mai fawa kuwa jan man nan na giyar otomatik ne a yawancin motocin Japan, kuma wajibi ne a zubar da tsohon gaba ɗaya, domin garin ƙarfen da ke cikinsa zai cinye sabon akwatin. Sai a ɗaga gaban mota a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe sau da dama har kumfa ta daina fitowa. Daga nan sai wurin alaimen, a kuma dawo bayan kwana biyu ko uku a sake duba kusoshi da yoyo.

Lissafi da Lamuni

Ɗan kasuwa ya san farashin da aka faɗa a bakin shago ba shi ne dukan kuɗin kaya ba. A kan kuɗin akwati akwai ladan makanike, da mai, da alaimen, da kuma kwanakin da mota za ta yi a gareji ba ta kawo ko kwabo ba, alhali direba da yaron mota na jiran abinci. Idan akwatin ya fito marar kyau, duk waɗannan za a sake biyansu, a kuma ɗora da tayoyin gaba biyu da suka cinye a banza. Ga mai tumatir ko tattasai, yini ɗaya na tsaiko a rana ya isa ya mayar da lodi juji. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Tun da ba a iya ganin cikin akwati a wurin ciniki, abin da mai saye ke biya a haƙiƙa shi ne gaskiyar mai sayarwa. A nan ne tarihin Sabo ke da abin koyarwa. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a 1962 da 1963 ya kuma wallafa littafinsa a kanta a 1969, ya bayyana yadda ake sayar wa mahautan Ibadan shanu masu ɗimbin yawa bashi, ba takarda, ba banki, ba kotu. Abin da ya riƙe cinikin shi ne maigida, wanda ke saukar da falke, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa lamuni. Idan mahauci ya ci amana, maigida ne zai biya, shi kuma mahaucin ba zai ƙara samun saniya bashi a kasuwar ba. Kowa na tsoron zubewar sunansa fiye da tsoron alƙali.

Irin wannan tsari ne ya yi ƙaranci a cinikin kayan gyaran mota, inda sau da yawa mai mota kan miƙa wa makanike kuɗi, makanike ya aiki yaronsa, yaro ya saya a hannun wanda ba zai sake gani ba, kowa kuma ya cire nasa a hanya. Masu motoci na da ikon gyara wannan ba tare da jiran gwamnati ba. Su tsayar da dila ɗaya ko biyu masu tabbataccen shago, su nemi rasit mai ɗauke da lambar kayan da adadin kwanakin gwaji, a yi wa akwatin alama da fenti a gaban shaida don kada a yi musun sa idan an dawo da shi, a kuma biya makanike ladansa a fili, ya daina neman sa a cikin kuɗin kaya. Masu motoci goma da suka haɗa kai suna saye a wuri guda sun fi mutum ɗaya ƙarfin a ji kukansu, domin dilan ya san idan ya cuci ɗaya ya rasa goma. Ƙungiyar makanikai ta ƙasa, NATA, da shugabannin kasuwannin kayan gyara, da fadar Sarkin Hausawa, duk wurare ne da aka saba kai ƙara a sasanta.

Hukuma ma na da nata rabon. Hana shigo da jabun kaya aikin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta SON ne, duba lafiyar mota kafin ba ta takardar cancanta kuma na jami'an VIO. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ta samo tushe ne daga rundunar kiyaye haɗurra da Jihar Oyo ta kafa a nan Ibadan a 1977, kuma a rahotanninta ƙwacewar mota daga hannun direba na cikin manyan musabbaban haɗari, bayan gudun wuce sa'a. Sai dai jami'in da ke bakin hanya takarda da taya da fitila yake iya gani, ba zai shiga ƙarƙashin kowace mota ba.

Saboda haka nauyin ya koma kan mai dukiya. Gwajin yatsu biyu ba ya cin minti ɗaya, kuma ba ya bukatar ilmin makanikanci: a tsayar da mota, a kaɗa sitiyari, a dubi taya. Maigidan da ya mayar da wannan al'adarsa duk ranar Juma'a kafin a karɓi balas, ya kuma riƙa ware wani abu daga kuɗin kowane mako domin gyara, zai canza akwatinsa a ranar da ya zaɓa, a hannun dilan da ya sani, da farashin da ya yi ciniki a kai cikin natsuwa.